Tambaya da Amsa: Kundin farko na Nirvana da dala 606 da aka kashe masa

Wasiƙu da dama sun zo mana a kan Bleach, kundin waƙoƙi na farko da ƙungiyar Nirvana ta Amurka ta fitar a 1989. Ga wanda bai saba da fagen ba, kiɗansu na cikin reshen rok da ake kira altanatif, wato na ƙungiyoyin da suka taso a shekarun 1980 ta hannun ƙananan kamfanonin faifai da gidajen rediyon jami'o'i. Mun taƙaita wasu tambayoyin, mun haɗa masu kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce Nirvana sun naɗi kundinsu na farko da kuɗin da bai wuce dala ɗari shida ba. Gaskiya ne, ko dai ƙarin gishiri ne irin na masoya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gaskiya ne, an ma buga dala 600 a bangon kundin, amma ainihin adadin shi ne dala 606 da santi 17. Kuɗin aikin awa 30 ne da injiniyan sauti Jack Endino ya caje su a sutudiyon Reciprocal Recording da ke Seattle, jihar Washinton. Idan ka raba, kusan dala 20 ke nan a kowace awa. Sun fara ranar 24 ga Disamba 1988, suka koma a kwanaki ukun ƙarshe na watan, sannan suka ƙarasa a Janairun 1989. Kamfanin Sub Pop na Bruce Pavitt da Jonathan Poneman ya fitar da shi a watan Yunin 1989.

Sai dai masu yaɗa labarin sukan bar wasu abubuwa a baya. Cikin waƙoƙi 11 da ke faifan farko, takwas ne kawai aka naɗa a waɗannan awoyin. "Love Buzz" tun tsakiyar 1988 aka ɗauke ta, har ta fita ita kaɗai a ƙaramin faifai a watan Nuwamba. Biyu kuma, "Floyd the Barber" da "Paper Cuts", an ciro su ne daga wani naɗin gwaji na Janairun 1988, aka sake haɗa sautinsu. Kuɗin buga faifai da na bango da na rarrabawa duk ba sa cikin lissafin.

Abin da ya sa awa 30 ta ishe su kuwa, sun shiga sutudiyo da waƙoƙin a hannu. Sun daɗe suna kaɗa yawancinsu a ɗakin atisaye da ƙananan wuraren casu, kowa ya san inda zai shiga da inda zai tsaya. Endino ma ya saba da irin wannan aiki, domin shi ya naɗi Soundgarden da Mudhoney a wannan ɗakin. Ƙungiyar da ta bari sai agogon sutudiyo ya fara gudu sannan ta tsaya musu a kan yadda waƙa za ta ƙare, ita ce ke kashe ninkin wannan kuɗin a waƙa guda.

Tambaya: Ranku ya daɗe. Ina da ƙaramin sutudiyo, na saba da kiɗan kwamfuta da fiyano. Yanzu wasu matasa masu jita da ganguna na son in naɗe su, kuma na'urata na karɓar makirufo takwas ne kawai. Na ji an ce da layi takwas aka yi Bleach. Yaya ake raba su? Daga mai sutudiyo a Kaduna.

Amsa: Malam, haka ne. Na'urar Otari ce mai layi takwas, wadda ke naɗa a zaren tef mai faɗin rabin inci. Kai ka fi su sauƙi nesa ba kusa ba, domin takwas ɗinka na nufin abin da zai shiga a lokaci guda ne, bayan haka kwamfuta za ta ba ka layin da kake so. Su kuwa takwas ɗin ne iyakarsu har ƙarshen aiki.

Rabon da aka saba yi wa ƙungiya mai mutum uku shi ne a ba ganguna layi huɗu: ɗaya ga babbar gangar ƙafa, ɗaya ga ƙaramar gangar tsakiya mai waya a ƙasanta, biyu ga makirufon da ake rataye sama domin su kwashe farantan ƙarfe da sauran ganguna. Jitar bes, wato mai kaurin sauti, ta ɗauki ɗaya, jita ɗaya. Saura biyu ke nan, ɗaya na murya, ɗaya na jita ta biyu ko amshi. Ana kaɗa ganguna da bes da jita tare, mawaƙi na rera muryar jagora, daga baya a dawo a ɗora muryar gaske.

A zamanin tef, idan layi ya ƙare sai a haɗa uku ko huɗu a zuba su a ɗaya ko biyu, a goge na asali. Wannan na da tsada iri biyu. Kowane zubi yana ƙara shuuu ɗin tef kuma yana dusar da kaifin sauti, sannan abin da aka haɗa ya haɗu ke nan: in daga baya ka ji gangar tsakiya ta yi ƙasa, babu yadda za ka ɗaga ta ita kaɗai. Ba a kuma zubawa a layin da ke maƙwabtaka da wanda ake karantawa, don sautin na iya tsallakawa ya koma kansa ya yi ƙara. Layi na 1 da na 8, waɗanda ke bakin zaren, su suka fi saurin lalacewa, shi ya sa ake ajiye bes ko gangar ƙafa a can, inda ɗan tsinkewa ba zai fito fili ba. Kuma babban ƙullin tef mai ƙafa 2,500, a gudun inci 15 cikin daƙiƙa, minti 33 kawai yake ɗauka. Babu halin ajiye gwaji goma na waƙa ɗaya. Ana zaɓa ne nan take, a goge sauran.

To, ga inda aikinka zai iya ɓaci. Na farko, makirufon sama guda biyu. Ɗauki igiya ko ma'auni ka tabbatar nisan kowannensu daga tsakiyar ƙaramar gangar daidai yake. In ɗaya ya fi kusa, bugun zai riga isa gare shi, sautin biyu su riƙa cin juna, sai ka ji gangar ta zama siririya ba nauyi. Yadda za ka gane: mayar da sauraro zuwa lasifika ɗaya, ka buɗe makirufo ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ka buɗe nauyin ganga ya ragu maimakon ya ƙaru, danna maɓallin juya fuskar sautinsa ko ka matsar da shi.

Na biyu, yoyon sauti. Idan amfilifayar jita na ɗaki ɗaya da ganguna, za ta cika makirufon sama. Juya mata baya ga ganguna, a sa katifa ko bargo mai kauri tsakani, in da hali ma a kai ta ɗakin da ake ɗaukar murya. Bes kuwa sa shi kai tsaye ta waya, ba sai da lasifika ba.

Na uku, ƙarfin shigarwa. Tef in aka matsa masa yakan danne sauti a hankali har ya yi daɗin ji, kuma wannan na cikin abin da ya ba faya-fayen wancan zamani kaurinsu. Kwamfuta ba ta da wannan haƙuri: da sauti ya taɓa sifili sai ya fashe. Ka sa mai ganga ya buga da iyakar ƙarfinsa lokacin gwaji, ka saita yadda mafi ƙarfin bugun zai tsaya wajen -10 a ma'aunin ƙarfin sauti, ƙasa da sifilin. Ka sani cewa da an ce an fara ɗauka zai ƙara ƙarfi fiye da na gwaji. Kusan kowane mai ganga haka yake.

Abu na ƙarshe, kuma shi aka fi sakaci da shi: a ɗaure fatun ganguna a saita su kafin a kafa makirufo. Gangar da ke amo mara daɗi a ɗaki, haka za ta fito a naɗi, kuma awa ɗaya da aka ba saitinta ta fi kwana uku na gyara a kwamfuta.

Tambaya: Ina kaɗa jita, kuma ina son nauyin sautin da ke waƙar farko ta kundin, "Blew". Amma da na sassauta tsirkiyoyi sai su riƙa karkarwa suna taɓa wuyan jitar, kuma sauti ba ya zama daidai. Mene ne matsalar? Daga wani makaɗi a Jos.

Amsa: Kunnenka ya ji daidai, ɗan'uwa. A saitin da aka saba, tsirkiya mafi kauri tana kan sautin da ake kira E. A "Blew" an sauke ta har C, taki biyu cikakku. A jita wannan saukowa ce daga kusan girgiza 82 a daƙiƙa zuwa 65, a bes kuma daga 41 zuwa wajen 33, abin da lasifikar waya ba ta iya fitarwa sam. Don haka in kana son jin abin da mai bes ɗin ƙungiyar, Krist Novoselic, ke yi a buɗewar waƙar, nemi abin sauraro na kunne mai kyau.

Matsalarka ta tsirkiya ce da saiti. Tsirkiyoyin da aka fi sayarwa, masu lamba 9 zuwa 42 ko 10 zuwa 46, an yi su ne don saitin E. In ka sauke su zuwa C sun yi laushi da yawa, shi ya sa suke lilo, kuma da ka buga da ƙarfi sautin zai fara hawa sama kafin ya dawo. Sayi masu kauri, 11 zuwa 54 ko 12 zuwa 56. Ka duba ramukan da tsirkiya ke bi a saman wuya, domin mai kauri na iya maƙalewa a ciki, abin da ke sa saiti ya riƙa tsalle. Ɗan shafa bakin fensir a ramin na taimakawa, in kuma ya yi matsi sosai sai mai gyara ya faɗaɗa shi kaɗan.

Sai wuyan jitar. Akwai sandar ƙarfe a cikinsa da ke ja da baya don ta daidaita jan tsirkiya. In jan tsirkiya ya ragu, sandar ta fi ƙarfi, wuyan ya miƙe fiye da kima, tsirkiya ta kwanta a kan gaɓoɓi. Sassauta ta rubu'in juyi ɗaya kawai, ka sake saiti, ka bar jitar ta huta kafin ka ƙara. Kada ka tilasta in ta ƙi juyawa, karyewarta babban asara ce. A Jos ma sai ka riƙa duba wannan a farkon hunturu da farkon damina, don itace na motsi da bushewar iska.

Daga nan ka daidaita tsawon kowace tsirkiya a wajen jaki, inda take hawa a jikin jita. Kaɗa ta a buɗe, sannan ka danna gaɓa ta 12. Ya kamata na'urar saiti ta nuna harafi ɗaya. In na gaɓar ya ɗara sama, ja mazaunin tsirkiyar baya. In ya gaza, matso da shi gaba.

Game da ƙazantar sautin kuwa, wato kaushin da ake ƙara wa amon jita da gangan, kayan Kurt Cobain, mawaƙin ƙungiyar kuma mai jitarta, a wannan kundi ba masu tsada ba ne: jitar Univox Hi-Flier, da akwatin taka-ƙafa na Boss DS-1, da amfilifayar Fender Twin ta Endino. Kuskuren da masu koyo ke yi shi ne murɗa maɓallin ƙazanta har ƙarshe tare da kashe sautin tsakiya. A ɗaki kai kaɗai zai yi maka daɗi, amma da ganguna da bes sun shigo jitar za ta ɓace, domin a tsakiyar nan take zaune. Rage ƙazantar zuwa wajen rabi, bar tsakiya a buɗe. In kana son kauri a naɗi, kaɗa ɓangaren sau biyu, a kai ɗaya hagu ɗaya dama. Kwafin ɗauka ɗaya ba ya ba da wannan, ƙarfi kawai yake ƙarawa.

Tambaya: Me ya sa gangar wasu waƙoƙin ta bambanta da ta sauran? Kuma Dave Grohl ne ya kaɗa? Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Grohl, mai gangar da aka fi sanin ƙungiyar da shi, bai shigo ba sai 1990, babu hannunsa a nan. Mai gangar ƙungiyar a lokacin Chad Channing ne. Amma a "Floyd the Barber" da "Paper Cuts", da "Downer" da aka ƙara daga baya, Dale Crover na ƙungiyar Melvins kake ji, daga naɗin Janairun 1988. Crover na buga ganga da nauyi, kamar yana jan waƙar baya da gangan, Channing kuma hannunsa ya fi sauƙi da sauri. Kusan shekara guda ke tsakanin naɗin biyu, kuma kayan gangar ba ɗaya ba ne, don haka duk ƙoƙarin haɗa sauti bai rufe bambancin ba.

Tambaya: Ni Nevermind na fara ji, na so shi. Da na koma kan Bleach sai na ji ya yi mini duhu da hayaniya, ban ma gane abin da yake faɗa. Ni ce ban fahimta ba, ko kundin ne haka? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, kunnenki lafiya lau. Kundin haka yake, kuma a ganinmu bai kai Nevermind, kundinsu na biyu, ba wajen ginin waƙa. Cobain da kansa ya faɗa daga baya cewa ya danne son da yake wa waƙa mai daɗin rerawa don ya dace da kiɗa mai nauyi da Sub Pop da masu sauraron Seattle suke so a lokacin. Ya kuma ce yawancin baitocin a gurguje ya rubuta su daf da shiga sutudiyo. Shi ya sa za ki ji waƙa kamar "School" ba ta da kalmomi da yawa, layuka kaɗan ne ake ta maimaitawa da ihu. Ko waɗanda Ingilishi ne harshensu ba sa kama komai.

Rabin farko ya fi ƙarfi. Rabi na biyu, daga "Scoff" zuwa "Sifting", waƙoƙin na kama da juna har su gajiyar da wanda bai saba ba. Arhar aikin ma ta bar tabo: ganguna sun fito a bushe, murya wani lokaci ta nutse cikin jita. Nevermind kuwa an yi shi a 1991 a sutudiyon Sound City da ke Kalifoniya tare da furodusa Butch Vig, Andy Wallace ya haɗa sautin, an kashe dubban daloli masu yawa da makonni ana aiki. Ba za su yi amo ɗaya ba.

Ki fara da "About a Girl". Ita ce waƙa ta uku, jitarta a wanke take, kuma a nan ne ake fara ganin marubucin da zai fito bayan shekara biyu. Cobain ya yi ɗari-ɗari da sa ta a kundin don gudun kada masoya kiɗa mai nauyi su ce ya yi laushi. Ita ce kuma ya buɗe da ita a wasan talabijin na MTV Unplugged a Nuwamba 1993, watanni kaɗan kafin rasuwarsa a Afrilun 1994. Daga ita ki wuce "Love Buzz", sannan "School" da "Blew". In waɗannan huɗun sun zauna miki, sauran za su zo da sauƙi. Mu sanar da ke kuma cewa wasu waƙoƙin, musamman "Floyd the Barber" da "Paper Cuts", labarinsu na tashin hankali ne, ba na saurare gaban yara ba.

Tambaya: Wa ya biya kuɗin sutudiyon, kuma wa ya ci ribar kundin da ya yi kasuwa? Muna shirin fitar da namu na farko, ba ma son rigima a gaba. Daga wasu matasa a Kaduna.

Amsa: Madalla da kuka yi wannan tambaya tun yanzu, domin rigakafi ya fi magani. Jason Everman ne ya biya. An rubuta sunansa a bango a matsayin mai jita na biyu, hotonsa ma na kan kundin, alhali bai kaɗa ko tsirkiya ɗaya a naɗin ba. Ya bi su yawon wasa a 1989, suka rabu a cikin shekarar.

Kasuwar kundin da farko kaɗan ce: kusan kwafi 40,000 a Arewacin Amurka kafin fitowar Nevermind a Satumban 1991. Bayan nan aka sake fitar da shi a 1992, ya haura kwafi miliyan ɗaya a Amurka, ya zama kundin da Sub Pop ya fi sayarwa a tarihinsa. Abin da ya tsare wa kamfanin rabonsa takarda ce. A lokacin Sub Pop bai saba rubuta doguwar yarjejeniya da mawaƙansa ba, 'yan Nirvana ne da kansu suka matsa sai an rubuta. Da kamfanin DGC ya zo ɗaukarsu, dole ya biya Sub Pop, ya ba shi kaso a cinikin Nevermind, ya kuma sa tambarinsa a bayan kundin. Wannan kuɗi ya zo wa Sub Pop a lokacin da bashi ya kusa durƙusar da shi.

Ku raba abu biyu a ranku. Haƙƙin waƙa na wanda ya tsara ta ne, kiɗa da baiti. Haƙƙin naɗi kuma na wanda yarjejeniya ta ba shi ne, sau da yawa wanda ya biya sutudiyo ko kamfani. "Love Buzz" misali ce mai kyau: waƙar ƙungiyar Shocking Blue ce ta ƙasar Holan, daga 1969, Robbie van Leeuwen ya rubuta. Nirvana sun sake kaɗa ta da salonsu, amma kason marubuci nasa ne. In za ku sake waƙar wani, ku nemi izini a rubuce kafin ku naɗa.

Kafin ku taka sutudiyo, ku zauna ku rubuta a takarda ɗaya, kowa ya sa hannu gaban shaida: wa ya tsara kowace waƙa kuma kashi nawa ne nasa, wa ya mallaki naɗin, wanda ya ba da kuɗi bashi ya bayar ko hannun jari, in bashi ne yaushe za a biya, in jari ne kashi nawa kuma har zuwa yaushe, sannan me wanda ya bar ƙungiya zai ci gaba da samu. Ku kuma amince da mai sutudiyo tun farko cewa za ku karɓi layukan naɗin ɗaya-ɗaya, ba haɗaɗɗiyar waƙa kawai ba, ku adana su a wuri biyu. Da zarukan tef na asali aka sake gyara sautin Bleach bayan shekara 20.

Tambaya: Na ga wani jeri mai waƙa 11, wani mai 13. Wanne ne na asali? Daga mai tara faya-faye a Yamai.

Amsa: Mai 11 shi ne faifan garmaho na Amurka na 1989, kusan minti 37, shida a fuska ɗaya biyar a ɗayar. Kwafi 1,000 na farko an buga su a farin faifai. Na Ingila, wanda kamfanin Tupelo ya fitar a shekarar, an cire "Love Buzz" aka sa "Big Cheese". Mai 13 na faifan CD ne, inda aka ƙara "Big Cheese" da "Downer" a ƙarshe.

Dalilin taƙaita na garmaho na aiki ne. Fuska ɗaya na ɗaukar wajen minti 20 zuwa 22 ba tare da sauti ya raunana ba, kuma kiɗa mai nauyin bes yana cin fili, domin allura na buƙatar rami mai faɗi. In aka cusa waƙoƙi da yawa dole a rage ƙarfi da nauyi, sannan waƙar da ta faɗo kusa da tsakiyar faifai kaifinta na raguwa saboda zagayen ya ƙanƙance.

In saurare kake so, ba tarawa ba, nemi bugun 2009 na Sub Pop. Endino ya sa ido a kan gyaran sautinsa, kuma an haɗa da wasan da suka yi a Pine Street Theatre da ke Portland a Fabrairun 1990, da Channing a kan ganga. In kuma farin faifan wani ya kawo maka, ka bincika sosai kafin ka biya, domin bugun 2009 ma ya fito a farin faifai, kuma akwai na jabu a kasuwa. Na 2009 faifai biyu ne a bango mai buɗewa, na 1989 kuwa ɗaya ne tak.